Tiyata ta Biyu: Ƙwannafi da Dawowar Ƙiba Bayan an Rage Ciki

Wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba, idan ka gan shi ya koma wurin likitan tiyata bayan wasu shekaru, yawanci ɗayan abu biyu ne ya mayar da shi: ko dai ƙwannafi ya hana shi barci, ko kuma nauyin da ya zubar ya fara dawowa. Sau da yawa su biyun suna zuwa ne tare, shi ya sa mutane suke ɗauka cuta ɗaya ce mai magani ɗaya. Ni ma ina cikin waɗanda suka bi wannan hanya har zuwa tiyata ta biyu, kuma abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne cewa waɗannan matsaloli biyu ne dabam, kowace da sababinta, kuma aikin da ya fi warkar da ɗaya ba lalle ne ya fi warkar da ɗayar ba.

Tiyatar da aka fi yi a duniya a yau ita ce wadda ake kira silif. Likita yakan yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na jakar ciki ya cire gaba ɗaya, ya bar wani siririn bututu wanda ba ya ɗaukar abinci sai kaɗan. A ɓangaren da ake cirewa ne jiki yake samar da mafi yawan sinadarin girelin mai tayar da yunwa, don haka a watannin farko mutum yakan ji kamar an ɗauke masa sha'awar abinci. Aiki ne mai kyau, ya fi sauran sauƙin yi, ba a taɓa hanji a cikinsa, kuma ya raba mutane da yawa da ciwon suga da hawan jini. Ban yi nadamar yin sa ba. Sai dai yana da rauni guda wanda ya kamata a faɗa wa kowa tun kafin ya sa hannu a takarda.

Cikakken ciki yana miƙewa idan abinci ya shiga. Bututun da aka bari ba ya miƙewa sosai, ga shi ƙofar ƙasa, wadda take sakin abinci zuwa hanji, tana nan da ƙarfinta. Saboda haka matsi yakan ƙaru a ciki, kamar tiyon da aka matse bakinsa ruwa yana neman inda zai koma, sai ruwan asid ya nufi sama, inda ƙofar da ke tsakanin maƙogwaro da ciki ta riga ta yi rauni, domin yankan yakan ɓata lanƙwasar da ke taimaka mata wajen rufewa, wani lokaci ma ya taɓa zaruruwan naman da ke riƙe da ita. A wasu mutanen kuma saman bututun yakan zame ya haura cikin ƙirji ta ramin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ko tsakiyarsa ya ƙuntace, ko ya murɗe. Shi ya sa ake samun wanda bai taɓa sanin ƙwannafi ba a rayuwarsa ya same shi bayan silif.

Wannan ba zato ba ne. A shekarar 2018 mujallar likitoci ta JAMA ta buga sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasar Suwizalan a kan mutane 217, inda aka raba su gida biyu, aka yi wa wasu silif, wasu kuma baifas (tiyatar da ake barin ɗan aljihun ciki a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji), aka bi su tsawon shekara 5. Cikin waɗanda suke da ƙwannafi tun farko, kusan kashi 60 cikin 100 sun rabu da shi bayan baifas, amma kashi 25 ne kawai suka rabu da shi bayan silif. Ƙwannafin ya ƙaru ga kusan kashi 32 na masu silif, alhali kusan kashi 6 ne kawai ga masu baifas. Wani binciken makamancinsa da aka yi a Finlan ya bi mutanensa har shekara 10, ya kuma tarar da kumburin maƙogwaro ya fi yawa nesa ba kusa ba ga masu silif.

Lissafi ba ya nuna yadda abin yake a jikin mutum. Nawa ƙwannafin da dare yake zuwa. Ina cikin barci sai in farka da ruwa mai tsami ya cika mini baki, wani lokaci ya sarƙe ni in yi ta tari har idanuna su kawo ruwa, in zauna a bakin gado ina jiran zafin ƙirjin ya lafa. Na daina cin komai awa uku kafin kwanciya, na ɗaga kan gadon, na koma kwanciya a gefen hagu kamar yadda aka umarce ni. Da safe muryata takan dishe. Likita ya ba ni omeprazole, aka ƙara yawansa, aka canza zuwa wani ɗan'uwansa. Waɗannan magunguna suna rage asid ɗin da ciki yake fitarwa, kuma suna wadatar da mutane da yawa, amma ba sa gyara ƙofar da ta lalace, ruwan yana ci gaba da hawowa ko da zafinsa ya ragu.

Akwai wata alaƙa tsakanin ƙwannafi da dawowar ƙiba wadda ban cika jin ana maganarta ba. Mai ƙwannafi yakan guji abinci mai tauri, wanda shi ne yake zama a ciki ya kawo ƙoshi, saboda yana tsaya masa a ƙirji. Sai ya koma ga mai laushi da mai ruwa, waɗanda suke wucewa ba tare da wahala ba, ya riƙa ɗan taɓa wani abu kowane lokaci don ya kwantar da zafin. Ga kuma rashin barci, wanda shi kansa yana ƙara yunwa. A haka nauyi yake hawa a hankali, mutum yana ganin bai ci wani abin kirki ba.

Amma dawowar ƙiba tana da wasu dalilan da ba ruwansu da ƙwannafi. Yawanci mutum yakan kai ƙarshen ramarsa tsakanin shekara 1 zuwa 2 bayan tiyata, daga nan kuma ƙaruwar wani ɗan nauyi abu ne da aka saba gani. Jikin da ya rame yana rage ƙarfin da yake ƙonawa, yunwa tana dawowa, bututun yana iya faɗaɗa, musamman idan an bar wani yanki na saman ciki a aikin farko. Wasu magungunan ma suna sa ƙiba, kamar insulin da wasu na ciwon damuwa. Ƙiba cuta ce mai daɗewa wadda take neman komawa, kamar yadda hawan jini yake komawa idan magani ya gaza. Yana ci mini rai in ga mutum ya daina zuwa asibiti saboda kunyar hawa ma'auni, yana ganin ya ba likitansa kunya, alhali a daidai lokacin ne ya fi bukatar a duba shi.

Kafin a yi maganar wuƙa, dole ne a yi bincike, kuma duk likitan da ya sa ranar tiyata ta biyu bai leƙa cikinka ba, ka nemi ra'ayin wani. Ana zura siririyar na'ura mai kyamara ta baki a duba maƙogwaro da ciki. Ana ba mutum ruwan bariyom ya sha a ɗauki hoto don a ga siffar bututun, ko ya faɗaɗa, ko ya ƙuntace, ko ya haura ƙirji. Ana iya auna yawan asid ɗin da ke hawowa cikin awa 24, a kuma auna ƙarfin matsawar maƙogwaro. Abin da ake tsoro shi ne yanayin da ake kira maƙogwaron Baret, inda fatar cikin maƙogwaro take canza kama saboda daɗewar ƙunar asid, kuma a cikin kaɗan daga masu shi yana iya rikiɗa ya zama sankara. Wani yana da shi ba ya jin komai. Saboda haka ne ƙungiyar likitocin tiyatar ƙiba ta duniya, IFSO, ta ba da shawarar a leƙa cikin mai silif bayan shekara 1, sannan a riƙa maimaitawa duk bayan shekara 2 zuwa 3, ko yana da ƙorafi ko ba shi da shi.

Idan ƙwannafi ne babbar matsala, aikin da aka fi yarda da shi shi ne a mayar da silif ya zama baifas irin na Ru, wanda ya samo sunansa daga likitan Suwizalan César Roux. Ana yanke saman bututun a bar ɗan aljihu mai ɗaukar kusan mililita 30, a jawo ƙaramin hanji a haɗa da shi kai tsaye. Aljihun ba ya samar da asid sai kaɗan, matsi ya sauka domin abinci ba ya jiran ƙofar ƙasa, ruwan matsarmama kuma yana haɗuwa da abinci can nesa a cikin hanji. Idan ciki ya haura ƙirji, a nan take ake sauko da shi a ɗinke ramin. Tsohuwar tiyatar ƙwannafi ta Nissen, wadda ake naɗe saman ciki a kewaye da maƙogwaro, ba ta yiwuwa ga mai silif, tunda abin da za a naɗe ɗin shi aka cire. Wannan baifas shi aka yi mini, kuma tun makonnin farko na koma kwanciya a miƙe ina barci har asuba.

A ɓangaren nauyi kuwa, dole in faɗi gaskiya ko ba ta yi daɗi ba. Ramar da ake samu bayan an mayar da silif baifas ba ta kai ta tiyatar farko ba. Nawa nauyin ya sauka, amma bai koma inda ya taɓa kaiwa ba, kuma likitana ya gaya mini haka tun kafin aikin, abin da har yau nake gode masa a kai. Wanda babbar damuwarsa ƙiba ce, ba ya kuma fama da ƙwannafi, ana iya ba shi shawarar wasu ayyukan da ake tsallake dogon ɓangare na hanji, kamar wanda ake kira SADI, waɗanda suka fi rage nauyi da ciwon suga. Sai dai suna barin bututun silif yadda yake, don haka ba a dogara da su wajen maganin ƙwannafi, kuma haɗarin gudawa da ƙarancin sinadaran gina jiki ya fi yawa a cikinsu. Wani nau'in baifas dabam da na Ru, wanda ake kira mai haɗi ɗaya, yana rage nauyi sosai, amma ruwan matsarmama yana iya hawowa. Sake rage faɗin silif kuwa yana iya ƙara matsin da ya kawo ƙwannafin tun asali. Wanda baifas aka yi masa tun farko sannan ƙiba ta dawo, wani lokaci mahaɗar aljihu da hanji ce ta buɗe, kuma ana iya tsuke ta da ɗinki ta baki ba tare da an huda ciki ba.

Yanzu ma akwai hanyar da babu ita shekarun baya. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da allurar semaglutide don rage ƙiba a 2021, da tirzepatide a 2023, kuma likitoci suna ba da su ga waɗanda nauyi ya dawo musu bayan tiyata. A ganina, wanda ƙiba ce kaɗai ta dawo masa ya cancanci a tattauna wannan da shi kafin a sake kai shi ɗakin tiyata. Amma waɗannan allurai suna jinkirta fitar abinci daga ciki, suna iya kawo tashin zuciya da ƙwannafi, kuma nauyi yakan dawo idan aka daina su.

Tiyata ta biyu ta fi ta farko haɗari. Likita yana aiki ne a wurin da ya riga ya yi tabo, naman ya manne da juna, jini ba ya gudana a cikinsa kamar da, saboda haka yoyon ɗinki da zubar jini sun fi aukuwa, aikin kuma ya fi ɗaukar lokaci. Ya dace mutum ya tambayi likitansa kai tsaye ko ya saba yin irin wannan gyara, ya kuma nemo rahoton tiyatarsa ta farko ya kai masa, domin sanin abin da aka yi a baya yana canza shirin aikin.

Bayan baifas akwai dokokin da ba su da ranar ƙarewa. Ana shan bitamin B12 da sinadarin ƙarfe da kalsiyam da bitamin D har abada, domin abinci ya daina bi ta ɓangaren hanjin da ya fi tsotse wasu daga cikinsu, kuma ƙarancinsu yana kawo ƙarancin jini da raunin ƙashi da lalacewar jijiya. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, da kuma taba sigari, suna haddasa gyambo a mahaɗar aljihu da hanji, don haka duk likitan da zai rubuta mini magani nakan fara gaya masa irin aikin da aka yi mini. Abu mai zaƙi da yawa yana iya zubowa cikin hanji da sauri ya kawo zufa da bugun zuciya da jiri. Ana shawartar mace ta jinkirta ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18. Ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ko da shekaru sun wuce, yana iya zama hanji ne ya shige wani gibi da aikin ya bari ya murɗe, kuma wannan ba a kwana da shi a gida, asibiti ake nufa nan take a sanar da su cewa an taɓa yin baifas.