Kara ta kusa rufe mana shago

Ana yawan cewa teloli maƙaryata ne, kuma ni da na daɗe a shagon ɗinki ba zan tsaya musu ba, amma gaskiya yawancin abin da ake kira ƙaryar tela tsoron cewa a'a ne kawai. Mutum ya shigo da shaddarsa Sallah ta matso, maƙwabcinka ne ko abokin babanka ko wanda kuke sahu ɗaya a masallaci, ka san sarai kayan da ke jibge a kan tebur ko barci ka daina ba za ka gama su ba, amma ka kasa kallon idonsa ka ce Alhaji ba zai samu ba. Sai ka ɗauko tef ka auna shi, ka karɓi kafin alƙalami, ka ce in sha Allahu. Ka guje wa ɓacin ran minti biyu, ka sayi rigimar daren Sallah wacce ake yi da ɗaga murya a gaban yara da 'yan kallo.

To wannan halin fa ba a kan kwastoma kaɗai ya tsaya ba. Shi ne ya kusa raba masu shagon da nake aiki a Kano, kuma a nan na fi ɗaukar darasi.

Su biyu ne, 'yan wa da ƙani, tare suka tashi gida ɗaya. Oga shi ne tela, shi ke da hannu da kwastomomi. Ɗan uwan nasa, wanda duk muke ce wa Yaya, ma'aikaci ne, shi ya zuba kuɗin injin zubi da janareta da rabin kuɗin haya. Yadda za a raba riba a baki aka yi shi, ba takarda ba shaida, don a ganinsu rubutu tsakanin 'yan uwa kamar zargi ne. Ni kuma ban da ɗinki ni ke riƙe da littafi, wato ina rubuta abin da aka ce min in rubuta.

Abu ya fara lalacewa ne a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da tsabar kuɗi ta yi wuya kowa ya koma transfa. Shago ba shi da asusun kansa, sai kwastomomi suka riƙa turawa a asusun Oga, asusun da yake cefane da shi, yake biyan kuɗin makarantar yara, yake tura wa mahaifiyarsa. Sai kuma ga 29 ga Mayu, ranar da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur da ke ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500, ga Babbar Sallah a ƙarshen Yuni, ga NEPA kun san halinta. Janareta tun safe har tsakar dare. Kason Yaya ya ragu sosai, Oga ya miƙa masa abin da ya samu bai yi bayani ba don yana jin nauyi, Yaya ya karɓa ya sa a aljihu bai ƙirga a gabansa ba don shi ma yana jin nauyi. Kowa ya yi wa kowa kara.

Wallahi ba wanda ya ɗaga wa wani murya. Yaya dai ya rage zuwa. Da can yana tashi daga ofis sai ya biyo ya zauna a benci a sayo shayi, sai ya koma leƙowa daga kan babur, daga baya ma sai ya aiko ɗansa ya karɓi kason. A waje kuma magana tana yawo, mu yaran shago muna jin ta ta kowane ɓangare. Yaya ya ce wa wani ai wanda ka yarda da shi shi ke cutarka. Oga ya ce mutum yana zaune a ofis ƙarƙashin fanka bai san nawa ake sayen galan ba. Sai habaici a status na WhatsApp, wannan ya ɗora wa'azi kan amana, wancan ya ɗora wa'azi kan mummunan zato. Matansu ma suka ɗauka.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dukkansu sun san hadisin nan da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa bai halatta musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku ba, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Sai suka samo dabara, suna gaisawa. Ina kwana, lafiya lau, ya iyali, alhamdulillahi, kowa ya kama gabansa. A lissafinsu ba sa gaba kenan. Mu Hausawa mun iya wannan sosai, a gaisa har da murmushi alhali ciki ya cika fal.

Sulhun farko kawunsu ne ya yi. Ya kira su bayan Magariba ya yi nasiha kan zumunci, ya ce ko harshe da haƙori ana saɓawa, kowa ya yi haƙuri, abin da ya wuce ya wuce. Suka yi musabaha aka shafa fatiha. Ba a ambaci ko naira ɗaya ba. Ni ban raina dattijo ba, Allah ya saka masa, amma irin wannan sulhun zan faɗa ko za a ji haushi, yakan rufe bakin mutane ne kawai, don daga ranar duk wanda ya sake tayar da maganar shi ne marar kunya da bai ji maganar manya ba. Yaya ya koma gida da zarginsa cif, har da ƙarin cewa yanzu ba shi da damar tambaya. Ba a jima ba muka ji yana neman mai sayen injin.

Wanda ya warware abin wani tsohon kwastomanmu ne, ɗan kasuwa a Kantin Kwari, mutum ne da ya ga rabuwar abokan ciniki iri-iri. Bai yi dogon wa'azi ba. Ya ce da su, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, shin ku kun fi sahabbai yarda da juna ne? Ya sa aka rufe shago ranar Juma'a bayan masallaci, aka sallami yara, ya ce in kawo littafi, Oga kuma ya je banki ya ciro bayanin asusunsa na watannin.

Zaman bai yi daɗi ba ko kaɗan. Aka bi alat ɗaya bayan ɗaya, wannan na wane ne, wannan kuɗin zare ne ko na cefane. Yaya ya ga abin da fetur ya ci, ya yi shiru, don bai taɓa zaton ya kai haka ba. Amma kuma aka samu wasu kuɗi da Oga ya kasa cewa ga inda suka shiga, sun narke cikin hidimar gida. Ina kallonsa gumi na keto masa ga fanka na juyawa. Ya buɗe baki zai fara ai ka san yanayi, sai ɗan kasuwar nan ya ɗaga masa hannu. Oga ya haɗiye, ya ce Yaya kuɗin nan na shago ne kuma ni na taɓa su, zan biya. Yaya kuma ya ce shi ma da ya tambaya tun watan farko da ba a kai nan ba, kuma maganar da ya yi a waje bai kyauta ba. Iyakar abin da aka faɗa kenan, ba kuka ba rungume-rungume.

Daga nan aka canza tsari, kuma ni a ganina wannan ne ya yi aikin fiye da ban haƙurin. Aka buɗe wa shago asusunsa, alat yana shiga wayoyi biyu. Kuɗin mai ana rubutawa kullum. Aka yanka wa Oga ladan aikinsa daban kafin a raba riba, abin da ashe ya daɗe yana ci masa rai, yana ganin shi ke kwana a kan keke amma a raba daidai, bai taɓa furtawa ba. Ƙarshen kowane wata su zauna da littafi ko akwai matsala ko babu, saboda in zama ya zama al'ada ba wanda zai ji an kira shi tuhuma.

Yarda kam ba ta dawo da wuri ba. Watanni Yaya yana bugo waya kan alat na dubu biyu, wannan na mene ne. Mu har haushi muke ji, amma Oga ya hana mu magana, ya ce shi ya jawo, kuma kowane kira sai ya amsa ya yi bayani ba tare da tsaki ba. Bashin kuma ya riƙa biya kaɗan-kaɗan a ranar da ya ce. Kiran ya riƙa raguwa da kansa.

Ni abin da na ɗauka nake amfani da shi yanzu da nake da yara a ƙarƙashina, in abu ya dame ni ba na barinsa ya kwana da yawa, kuma ba a gaban mutane ba, ba ta saƙon murya ba, don saƙon murya ana sake saurarensa sau goma ana ƙara masa fassara. In ja yaro gefe in ce wuyan rigar nan ya karkace, ko yadi biyar aka kawo ina ragowar. Abin da ya faru nake faɗa, ba na cewa kai haka kake. Wasu suna kumbura fuska kwana ɗaya biyu, sai in tuna musu gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Akwai wanda ya tafi bai dawo ba, ya ce na cika ƙorafi.

Shagon Oga da Yaya yana nan, har sun ƙaro inji na biyu, wannan karon da takarda da shaidu biyu. Matansu dai har yanzu ba su koma kamar da ba, biki da suna kawai ke haɗa su, don su ba wanda ya zaunar da su da littafi.