Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Bututu da Igiya

Makon jiya na tsaya inda Baba ya rasu, shanu suka koma hannun Kawu na Alabar. Yau zan faɗi abin da ya faru da makiyayarmu ta hanyar Offinso, don har yanzu a unguwar Aboabo ta Kumasi akwai masu ba da labarin a karkace.

Duk wanda ya yi kiwo a ƙasar Asante ya san acampong, ciyawar nan mai ɗoyi idan ka murza ganyenta. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, mutane suka laƙaba mata sunan Janar Acheampong da ya mulki Gana daga 1972 zuwa 1978. Shanu ba sa cin ta. Tana fin mutum tsayi, ta danne kiri-kiri da duk abin da dabba ke so. Ka sare ta da adda, ruwa ɗaya ya sauka ta tofo fiye da da.

Kawu ya sayo kondem, maganin kashe ciyawa, ya ɗora wa yara injin feshi na goyo, suka feshe filin kaf. Na ce, "Kawu, maganin nan bai san ciyawar kirki ba, duk abin da ya taɓa kashewa yake." A gaban mutane, a ƙofar masallaci, ya ce min, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba." Fili ya zama ƙasa tsirara. Irin acampong iska ce ke ɗaukarsa, shi ya riga kowa dawowa. Shekarar nan dusa muka riƙa saye da kuɗin marayu.

Lokacin ina koyon walda a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi. Wani malamin gona da ya kawo gyaran babur ne ya zana min wani abin shafa wa ciyawa magani a bayan kwalin siminti, ya ce wasu Turawa ba feshi suke a makiyaya ba, shafawa suke. Na samo bututun ruwa na roba mai kaurin inci 3, na toshe bakinsa biyu, na huda ramuka a jere. Na yanka igiya mai laushi gutsure-gutsure, kowace na cusa bakinta biyu cikin ramuka, ɗaya na haurawa kan ɗaya don kada a bar giɓi. Wajen hana yoyo ne na sha wuya. Tsohon tub ɗin taya na yanka na naɗe wuyan kowace igiya, sai ta jiƙe amma ba ta ɗiga, domin ɗigo ɗaya a ƙasa ya isa ya ƙone ciyawa. A murfi na bar ɗan rami na iska, da shi nake ƙara ko rage jiƙar igiyar. Ƙafafun keke biyu na tsinto wajen 'yan bola na Akwatia Line, na yi musu firam mai ɗagawa da saukewa. Ranar da Kawu ya gani ya ce wai na ƙera wa aljanu amalanke, ya sake maimaita maganar riminsa.

Ko a ɗaurin auren Hajiya ƙarama, bayan shekaru, da na ba da shawara kan sadaki, rimin nan ya jefe ni da shi. Ina da furfura a lokacin. Allah ya jiƙansa, na yafe, amma zafin bai fita ba.

Ga yadda na yi a ɓangaren filin da Inna ta roƙar min. Na sare tsohuwar acampong, na bari ta tofo sabon ganye, na sa shanu suka kiwace ciyawar ƙasa ta yi gajere. Sai na ɗaga bututun yadda igiya za ta shafi kan acampong da tofa kawai. Magani kashi 1, ruwa kashi 2, kuma ruwan famfo na ɗauko daga gida, don ruwan rafi mai laka kashe ƙarfin maganin yake. Na tura a hankali, na juyo ta ɗaya gefen na sake bi, da safar hannu ta roba. Ganye ne ke shan maganin ya kai shi saiwa, shi ya sa ba a ganin komai nan take. Kawu ya zo washegari ya ga ganye shar, ya yi dariya ya tafi. Bayan kamar mako biyu acampong ta yi rawaya ta kwanta, kiri-kiri na nan kore a ƙarƙashinta. Maganin da ya tafi bai kai rabin wanda yaransa suka zubar ba.

Bai ce min sannu ba. Yaro ya aiko da daddare a ba shi aron amalanken aljanu, Inna ta ce in bayar don zumunci. Daga baya na ji a kasuwar shanu ana cewa ɗansa ne ya ƙera. Ɗan da ko ƙusa bai iya bugawa ba. Waɗanda muka yi aiki tare a Magazine suna raye, a tambaye su.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda aka raba shanun, da abin da ya sa Yaya ya daina shiga gidan Alabar.