Daga Suwidin: amsar masu cewa na huta da 'yan bindiga

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, a gaida su Inna. To, mu wuce.

Duk wanda ya kira ni daga gida sai ya ce, "Kai kam ka huta, babu 'yan bindiga." Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya. Akwai su. Gungun masu safarar ƙwaya ne ke ba yara kwangilar kisa, wasu ko shekara 18 ba su kai ba. A 2022 an harbe sama da mutum 60 har lahira, a ƙasa mai mutum miliyan 10 da ɗoriya.

Na san ɗan Zamfara zai ce, sittin kawai a shekara? Ni ma haka na ce. Amma da batun nan aka yi kamfen a zaɓen Satumban 2022. Jam'iyyar firaminista Magdalena Andersson ce ta fi kowa ƙuri'a, duk da haka ɓangarenta ya tashi da kujera 173, 'yan adawa 176. Kujera uku suka raba ta da mulki. Ulf Kristersson ya hau da goyon bayan jam'iyyar da ke ɗora laifin a kan baƙi, wato mu. Tun 2024 'yan sanda na iya keɓe unguwa su caje mutum ko ba a zarge shi da komai ba.

Shi ma Kristersson kujerar ba ta yi masa sanyi ba. A Satumban 2023 kashe-kashe suka yi yawa, sai da ya fito talabijin ya ce sojoji za su taimaka wa 'yan sanda.

Abin da ke ɗaure min kai shi ne ƙirge. Wata-wata 'yan sanda ke fitar da adadin harbe-harbe, da waɗanda suka mutu, da waɗanda suka jikkata. Minista ba shi da bakin cewa "an samu sauƙi" alhali takarda na hannun kowa. Mu ma ai Chibok ta bi Jonathan har akwatin zaɓe a 2015. Da kowace mazaɓa za ta ajiye littafin waɗanda aka kashe mata a wajen mai unguwa, ranar da mai neman kujera ya zo da atamfa da taliya a fara karanta masa sunaye.

Na yi alkawarin labarin haya da aiki. Haya da tsada. Rana kuma a tsakiyar lokacin sanyi kafin ƙarfe 3 ta faɗi, la'asar da magariba sai ka ce a kafaɗar juna suke. Yaya, a sako min yaji da kuka in an samu mai zuwa.