Tocila Ɗaya da Bangon Zaure: Inda Na Kai a Koyon Haske Daga Tsofaffin Finafinan Dodanni

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon ɗaukar fim da waya. Ga bayanin inda na kai a aikin da na ɗora wa kaina tun farkon damina, wato bin finafinan dodanni na kamfanin Universal na Amurka bi da bi yadda suka fito, ina kwaikwayon fitowa guda daga kowanne. Na faro daga Dracula na 1931, yanzu ina kan The Wolf Man na 1941. Kayan aikin dai su ne na kullum: waya, tocila mai caji, kwali, farin zanin gado, sai zauren gidanmu bayan sallar isha'i. Ƙanena ne ke fitowa a matsayin dodon, Allah Ya saka masa da alheri.

Dalilin da ya sa na zaɓi waɗannan finafinai shi ne, yawancin abin da ke cikinsu da hannu aka yi shi a gaban kyamara. Baƙi da fari ne, babu kwamfuta, don haka idan ka tsayar da hoton ka zuba masa ido, za ka iya gano inda aka ajiye fitila da abin da aka tare ta da shi. Kuma yawancin tsoron da ke cikinsu yana zuwa ne daga abin da aka hana ka gani, wanda shi ne ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi irinmu.

A Dracula, wanda Tod Browning ya ba da umarni, abin da na ɗauka shi ne hasken ido. Mai ɗaukar hoton, Karl Freund, daga Jamus ya zo, yana cikin waɗanda suka ɗauki fim ɗin Metropolis na 1927, ya kuma taho da salon Jamusawa na wasa da inuwa. Sai ya bar fuskar Bela Lugosi, wanda ya fito a matsayin Dracula, cikin duhu-duhu, ya harba ɗan siririn haske a idanunsa kaɗai. Na yanka kwali na yi masa tsaga kamar faɗin ɗan yatsa, na riƙe shi a gaban tocila. Idan kwalin ya manne da bakin tocilar, gefen hasken sai ya baje. Idan ka matsar da shi wajen fuskar, sai layin ya fito da kaifi. Wahalar tana wajen jarumin, don da ya ɗan gyaɗa kai hasken ya koma goshi. Ko a ainihin fim ɗin akwai wuraren da za ka ga ya ɗan kauce wa idon. Ku lura kuma, har fim ɗin ya ƙare ba a nuna fiƙa a bakin Lugosi ba.

Gaskiya tsakiyar Dracula tana da nauyi, ana ta magana a falo, don daga wasan dandamali aka ɗauko shi. Amma akwai wata garaɓasa a nan. A daidai lokacin, idan masu Turanci suka tashi da yamma, sai wata tawaga ta shiga wurin da daddare ta ɗauki labarin da Sifaniyanci, George Melford na ba da umarni. Ɗaki ɗaya, matakala ɗaya, labari ɗaya, amma inda aka kafa kyamara daban. Ku nemi su biyun ku jera, za ku ga yadda matsar da kyamara kawai yake canza fitowa.

Frankenstein ma a 1931 ya fito, aikin James Whale. Fitowar da na kwaikwaya ita ce ta farkon ganin dodon. Ana jin takun ƙafa, ƙofa ta buɗe, Boris Karloff ya shigo da baya, ya juyo a hankali, sai a yanka hoton a matso kusa, a sake yankawa a ƙara matsowa har fuskar ta cika allo. Babu kiɗa ko kaɗan. Da na gwada da kiɗan ban tsoro a ƙasa, sannan na cire shi na bar takun takalmi da ƙarar ƙyaure kawai, duk waɗanda na nuna wa a gida na biyun suka zaɓa.

Kwalliyar fuskar aikin Jack Pierce ce. Da auduga da wani ruwan magani mai suna kolodiyon ya riƙa gina goshin da shafaffen kan, shimfiɗa kan shimfiɗa, kusan awa huɗu kowace rana. Ya ɗora kaki a fatar ido don idanun su yi nauyi kamar na mai gyangyaɗi, Karloff kuma ya cire haƙoran roba da yake sawa a gefe ɗaya don kuncin ya lotsa. Fentin fuskar mai ɗan kore-kore ne, saboda a baƙi da fari yana fitowa fari fat kamar gawa. Don Allah kada kowa ya nemi kolodiyon ya shafa wa ɗan uwansa, yana kama wuta, yana kuma cin fata. Ni auduga da takardar goge hannu nake amfani da su, da gam ɗin da masu kwalliya ke manna gashin ido, bayan na gwada shi a bayan hannu na ga bai yi ƙaiƙayi ba.

Wanda ya fi riƙe ni shi ne The Mummy na 1932, labarin tsohuwar gawar Masar da ta farfaɗo, inda Freund da kansa ya zama mai ba da umarni. Shekara goma ke nan da gano kabarin Fir'auna Tutankamun a Masar a 1922, duniya na ta zancen la'anar kaburbura. Pierce ya kwashe kusan awa takwas yana naɗe Karloff da tsummoki yana tsofar masa da fuska. Duk wannan wahala, me aka nuna mana? Wani matashi yana zaune yana karanta tsohuwar takarda ƙasa-ƙasa. A bayansa ido ya buɗe a hankali. Hannu ya sauko daga ƙirji. Sai busasshen hannun ya bayyana a kan tebur ya ja takardar. Matashin ya ɗago, ya kurma ihu, ya fashe da dariyar hauka, kyamara ta bi ƙasa ta nuna mana bakin tsumma yana jan ƙasa yana fita ta ƙofa. Shi ke nan. Ba mu ga gawar tana tafiya ba ko taku ɗaya. Mutum ya yi aikin awa takwas, mai ba da umarni ya yarda ya ɓoye kusan dukkansa saboda fitowar ta fi ƙarfi a haka. Wannan juriyar nake so mu koya, don mu da zarar mun sha wahalar abu, so muke a gan shi tun daga kai har ƙafa. Na yayyaga tsohon zani, na jiƙa shi a ruwan shayi ya yi kalar ƙasa, na barbaɗa masa toka, na ɗaura zare a bakinsa ƙanena ya ja daga waje. A duk abin da na ɗauka zuwa yanzu, wannan ɗan guntun ne na fi alfahari da shi.

Akwai inda kwaikwayo kai tsaye ba zai yi mana ba. Hasken waɗannan finafinai don farar fata aka tsara shi, kuma an ƙara mata hoda. Idan ka sa baƙin mutum a gaban bango mai duhu ka haska shi da tocila ɗaya daga gefe, rabin fuskar zai narke cikin bangon. Abin da ya yi mini aiki shi ne in haska bangon da ke bayansa kaɗan, don siffar kansa da kafaɗunsa su fita, sannan in rataya farin zanin gado a ɗaya gefen ya maido da ɗan haske. Ɗan man shafawa a goshi da ƙashin kunci yana sa fatar ta kama haske ta yi sheƙi, kuma a baƙi da fari wannan sheƙin shi ke zana fuskar. Kada ku manta ku danna allon wayar ku riƙe har hasken ya kulle, sannan ku ja shi ƙasa. In ba haka ba wayar za ta yi ta ƙoƙarin haskaka duhun da kanta, hoton ya cika da yashi-yashi. Game da inuwa a bango kuwa, ƙa'idar ita ce duk yadda mutum ya matso kusa da tocila, haka inuwarsa ke ƙara girma. In ka ajiye tocilar a ƙasa, inuwar ta haura har rufi.

The Invisible Man na 1933 na tsallake shi tukuna. John Fulton, mai haɗa dabarun hoto na fim ɗin, ya lulluɓe jarumin da baƙin karan-miski a gaban baƙin karan-miski, sannan aka haɗa hoton da wani, sai ka ga riga tana yawo ba mutum a ciki. Baƙin yadin da nake da shi yana ƙyalli, sai na samu wanda ke shanye haske.

Yanzu ina fama da rikiɗar The Wolf Man, inda Lon Chaney ƙarami ya fito a matsayin mutumin da ke zama kyarkeci. Da gashin yak, wata dabba mai kama da sa da ke tsaunukan Tibet, Pierce ya yi masa fuska. Dabarar ita ce a kafe kyamara, a ɗauki ɗan kaɗan, a tsaya a ƙara gashi, jarumin ya koma daidai inda yake, a sake ɗauka, daga baya a narkar da hotunan cikin juna. A rikiɗar farko ma ƙafafunsa kawai aka nuna. Da ƙafar na fara ni ma: na zana wurin tafin da alli a daɓe, na ɗaure wayar a jikin bulo, ina manna gashin tsohuwar hular gashi kaɗan-kaɗan. Matsalar da ta rage ita ce cajin tocila yana raguwa tsakanin ɗauka da ɗauka, sai hasken ya bambanta, wurin haɗin ya fito fili. Wanda ya san fitilar da haskenta ba ya sauka har cajin ya ƙare, ya taimaka ya faɗa mini irinta.

In Allah Ya yarda, idan na gama da wannan zan leƙa Cat People na 1942 na kamfanin RKO, saboda yadda suka yi aiki da sauti, kafin in tsallaka Ingila wajen kamfanin Hammer, waɗanda suka dawo da dodannin nan cikin launi daga 1957. Wanda ya gwada tsagar kwalin nan a kan fuska mai duhu, ya turo mu ga yadda ta fito masa, ya kuma faɗi nisan da ya bari tsakanin kwalin da fuskar.