Wasiƙa Daga Indiya: Muryar Da Nake Ji Kafin Asuba

Assalamu alaikum 'yan'uwana na gida. Ina gaishe ku da kyau, da fatan kowa yana lafiya.

Shekarata biyu ke nan a Pune, cikin jihar Maharashtra, inda karatu ya kawo ni. Ɗakina yana saman bene, mai gidan kuma yana ƙasa, wani dattijo ne da ya yi ritaya daga koyarwa. A darena na farko, wajen ƙarfe biyar saura, na ji wani sauti yana tasowa daga ƙasa kamar kukan ƙudan zuma a cikin amya. Na kasa kunne, ashe mutum ne. Yakan ja numfashi, ya saki "ooo" mai tsawo, ya rufe baki da "mmm", ya yi shiru, sannan ya sake. Haka ya yi ta yi har gari ya fara wayewa.

Om ke nan, lafazin da mabiya addinin Hindu ke girmamawa. Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya ba baƙon sauti ba ne a wurinmu. Mun san alamarsa ma, mai kama da lamba 3 da wutsiya da ɗigo a sama. A nan kuwa tana ko'ina, a ƙofar gida, a bayan adaidaita sahu, a saman katin ɗaurin aure. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne saƙon ƙanwata. Ta turo mini bidiyon wata Baturiya da ke koyar da Om a matsayin maganin damuwa da rashin barci, ta ce, "Yaya, tunda kana can, wannan motsa jiki ne kawai ko da wani abu a ciki?" Na tabbata ba ita kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Wata ranar Lahadi na sauka na tambayi mai gidan. Ankul nake ce masa, yadda matasa ke kiran dattawa a nan. Ya zuba mini shayi mai citta, ya ce in kalli bakinsa. Abin da kunne ke ji kamar sauti ɗaya, a wurinsu uku ne: a, u, m. Na farko daga maƙogwaro yake fitowa baki a buɗe, na biyu ya bi ta tsakiyar baki, na uku leɓe a rufe har ka ji kanka yana amsawa. Tunda ya ratsa baki daga farko zuwa ƙarshe, suna ɗaukarsa uwar duk wata magana.

Sai ya ɗauko wani ɗan littafi da ya sha hannu, Mandukya Upanishad, wanda baiti 12 ne kacal a harshen Sanskirit, kuma kan Om yake magana. Littafin ya ce "a" halin farke ne, "u" halin mafarki, "m" kuma barci mai nauyi wanda babu mafarki a cikinsa. Akwai na huɗu da ba shi da harafi, shirun da ke biyo bayan sautin, wanda suke kira turiya. Dattijon ya ɗora yatsa a leɓensa ya ce, "Ɗana, wannan shirun nake nema. Sautin hanya ce kawai." Na daɗe ina juya maganar nan a raina.

Yana da carbi mai ƙwaya 108 na 'ya'yan itacen rudraksha, maimaita lafazin da carbin kuma japa suke ce masa. Littafin Yoga Sutra na Patanjali ya kira Om da suna pranava, ya ce shi ne lafazin da ke nuni ga Ishwara, wato abin bautarsu, ya kuma yi umarni a maimaita shi tare da tunanin ma'anarsa. Da shi suke buɗe karatun Veda, tsofaffin littattafansu na addini. Mabiya Buda ma suna da shi a farkon wuridinsu na "Om mani padme hum".

To amsar da na ba ƙanwata ke nan: ibada ce. Masu abin haka suka ɗauke shi, kuma wanda ya cire masa ma'ana ya kawo maka shi a waya a matsayin dabarar numfashi, bai yi maka adalci ba, su ma bai yi musu ba. Gaskiya ne fitar da numfashi a hankali yana kwantar da bugun zuciya, kowa ya gwada zai ji a jikinsa. Sai dai wannan ana samunsa ba tare da furta sunan abin bautar wasu ba.

Ko a nan Indiya an ja zare kan batun. A Disambar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya, wato motsa jikin nan na Indiya da ake yawan haɗawa da furta Om, aka fara bikin a 2015. Musulmin ƙasar, waɗanda ƙidayar 2011 ta nuna sun kai kashi 14 cikin 100, wasu ƙungiyoyinsu sun nuna rashin amincewa da sassan da suka shafi bauta, har gwamnati ta fito ta ce furta Om ba dole ba ne. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008. Malaman Indonesiya kuma a 2009 suka bambance, suka hana mai haɗe da wuridi, suka bar motsa jiki zalla. Hukunci na malamai ne, ku tambayi naku. Ni dai ba na furtawa, kuma Ankul bai taɓa cewa in gwada ba.

Akwai kuma abin da ke damuna daga ɓangarenmu. Na sha ganin samari a gida suna naɗe ƙafa, su rufe ido suna kwaikwayon sautin don a yi dariya. Da sun ga fuskar tsohon nan lokacin da yake yi, da sun ji nauyi. Alƙur'ani a Suratul An'am ya hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa. Mutumin nan, da azumi ya zo, shi ya sa matarsa ta riƙa aiko mini da dabino da ruwan lemon tsami gab da magariba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne zamansa. Yana iya yin minti arba'in bai motsa ba, fitilar mai tana ci a gabansa, turaren wuta yana tashi. Na dubi kaina, yadda nake sallame salla hannuna ya riga ya kai kan waya, tasbihi 33 a guje kamar ana korata. Muna da zikirin safiya da maraice, muna da zama bayan Asuba har rana ta fito, amma na yi sakaci da su. Tun daga watan nan nake barin wayar a kan tebur sai na gama wuridina.

Yanzu in na ji muryarsa ta taso daga ƙasa, na san lokacin alwala ya yi. Shi yana ƙasa a gaban fitilarsa, ni ina sama na shimfiɗa darduma na fuskanci yamma, domin daga nan alƙibla tana yamma ne.

Ku gaishe mini da kowa, ku sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso.

Naku,
ɗan'uwanku a Pune