Irin tumatir na gado: uwa ake dubawa

Irin leda mai tambarin F1 aure aka yi masa tsakanin iyaye biyu. Shekarar farko zai faranta maka rai, amma ka cire ƙwayarsa ka sake shukawa, sai 'ya'ya su fito kowa da kamarsa. Na gado ba haka yake ba. Furen tumatir kansa yake yi wa barbara, shi ya sa tsohon iri ke maimaita uwarsa shekara da shekaru, har Amurkawa suke taƙama da Brandywine da Cherokee Purple, Italiyawa da San Marzano.

Babban abin da aikin lambu ya koya mini game da irin nan shi ne, ba a zaɓen iri a cikin kwando. Da yawa sai an gama tsinka su ɗauki ɗan da ya fi girma su matse. To wa ya san uwarsa? Wataƙila shi kaɗai ta haifa, ganyenta duk ya ƙone. Dattijon da na yi aiki a ƙarƙashinsa tun shuka na fure yake zagayawa kwami-kwami, ya ɗaura tsumma a jikin wadda ganyenta ya yi shar, ta riƙe fure, ta jure ƙishi. Wannan ba mai taɓa 'ya'yanta sai sun nuna luguf a jikinta.

Sai a matse ƙwayar da ruwanta a kwalba, a bar ta kwana biyu zuwa uku har farar funfuna ta rufe sama. Wari kam akwai shi, kada ma ka ajiye kusa da ɗaki. Amma ruɓewar nan ce ke cinye yauƙin da ke hana ƙwaya tsira. A zuba ruwa, ta banza ta taso, mai kyau ta nutse. A shanya a inuwa, ba a rana ba.

Renon kansa sai da haƙuri. Yawancin tsofaffin iri ba sa daina tsayi, dole a kafa musu sanda, a riƙa tsinke 'yan tsiron da ke fitowa a hammatar ganye. Fatarsu siririya ce: ka bar ƙasa ta bushe sannan ka malala ruwa, gobe za ka tarar sun tsattsage, wasu gindinsu ya yi baƙi. Zafi ya haura digiri 35, fure zubewa yake yi, don haka hunturu ne lokacinsu. Kuma ba a dasa su inda aka cire attarugu, tattasai ko yalo, dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya.

Kada kuma a ruɗe ka da cewa tsohon iri ya fi ƙarfin ƙwari. Da tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta afka wa gonakin Kano da Kaduna a 2016, ba ta tambayi asalin kowa ba.

A ganina ba irin da za ka cika hekta da shi ba ne. Dillalin da zai loda kwanduna zuwa kasuwar Mile 12 a Legas mai tauri yake nema, kuma yana da gaskiya, domin na gado kafin mota ta kai Lokoja ya zama miya. Nasa wurin 'yan kwami kaɗan ne a gefen gona, na cin gida da masu saye a kusa.