Zanzaro a bututun numfashi

Garejina yana gefen wani ƙaramin filin jirgi a jihar Texas ta Amurka. Mu uku ne, ni da makanike ɗaya da yaron da ke koyon aiki. Sana'armu duba ƙananan jiragen nan masu kujera biyu da mutane ke harhaɗawa da hannunsu a gida. Doka ta yarda da haka muddin mutum shi ya yi fiye da rabin aikin, amma duk shekara sai an duba lafiyar jirgin an sa hannu. Wanda ya sayi na hannu, wurin irinmu yake kawowa. Ni dai a Kaduna na fara taɓa irin wannan jirgi, lokacin da ake haɗa wa sojojin sama jirgin Air Beetle, wanda asalinsa samfurin RV-6A ne na kamfanin Van's. Da na zo nan sai na tarar da 'yan'uwansa birjik.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce, in injin ya mutu a sama fa? Gaskiya injin bai cika mutuwa haka kawai ba. Sau da yawa yunwa ke kashe shi, mai ne ba ya isa gare shi.

Wani dattijo da na daɗe ina yi wa aiki ya ajiye jirginsa kusan wata biyu, sannan ya cika tanki ya tashi da safe. Ina tsaye a bakin gareji na ji injin ya yi tari sau biyu, sai tsit. Bai fi ƙafa 400 daga ƙasa ba. Gabana ya faɗi, domin a wannan tsayin zuciya takan ce wa matuƙi ya juyo titin da ya baro, kuma wannan juyin ya ci rayuka da yawa: gudu ya ragu, fukafuki su daina ɗauka, jirgi ya rikito. Dattijon nan bai juyo ba. Ya dunƙufar da hancin jirgin, ya miƙe gaba, ya sauka a gonar ciyawa da aka yanke. Ƙafar gaba ta lanƙwashe, farfela ta tashi daga aiki, shi kuwa ya fito da ƙafarsa, ko ƙwarzane babu.

Da muka jawo jirgin da tarakta, na bi fulogi da kafireto da famfon mai, lafiya lau. Sai na sa baki na hura ɗan siririn bututun da tanki ke shan iska ta cikinsa, iska ta ƙi wucewa. Zanzaro ne ya shiga ya yi gini da laka. Mai yana fita, iska ba ta shiga, har tankin ya riƙe sauran ya hana shi gangarowa. Na zaƙulo lakar da waya na zuba masa a tafin hannu, ba ta kai ƙwayar wake ba. Ya daɗe yana kallonta bai ce komai ba.

Wani lokacin kuma laifin tun wurin haɗi ne. A 1997 mawaƙi John Denver ya rasu a jirgin Long-EZ da ya faɗa teku kusa da Monterey a Kalifoniya. Wanda ya haɗa jirgin ya sa makunnin sauya tanki a bayan kafaɗar hagu ta matuƙi, sai an murɗa jiki kafin hannu ya kai. A 2012 hukumar NTSB mai binciken haɗurra a Amurka ta yi nazari kan irin waɗannan jirage, ta nemi a riƙa gwada gudun mai kafin tashin farko.

Wannan gwajin ba na ɗaga wa kowa ƙafa a kansa. Mukan ɗaga hancin jirgin kamar yana hawa, mu cire tiyo daga kafireto mu sa a bokiti, yaro ya riƙe agogo. In da famfo, dole man ya zarce abin da injin ke sha a cikakkiyar wuta da kashi 25 cikin 100. In da kansa yake gangarowa, da kashi 50. Wani ya taɓa fushi ya ɗauke jirginsa don na ce sai an yi. Ban sa masa hannu ba, kuɗin ranar ma ban karɓa ba.

Dattijon nan ya sake tashi bayan wata huɗu. Yanzu bakin kowane bututu nasa akwai 'yar raga, kuma kafin ya hau sai ya durƙusa ya leƙa da tocila.